Kawu Na-Sani da Ƙullutun Yamma

Ke ƙawata, ajiye jakar nan ki matso kafin a kaɗa ƙararrawa. Tun jiya labarin nan yake cina, ko barcin kirki ban yi ba don ɗokin in zo in ba ki. Kada ki katse ni, in kika katse ni zan manta tsakiyar.

Kin san Kawu Na-Sani, yayan Mamanmu, wanda ya zo mana kwana biyu ya shekara a ɗakin bakin ƙofa? Wanda ya gyara mana fanka ta koma tana zuƙe iska maimakon ta bayar? To shi. Sunan ma ba mu muka sa masa ba, bakinsa ne ya jawo masa. Ko me kika faɗa, kafin ki rufe baki ya ce, “Na sani.” Rannan Baba ya ce masa, “Ka san wani abu?” Ya ce, “Na sani.” Baba bai ma fara maganar ba.

Kuma kin san Rumbu, kazata, jar nan mai tafiya kamar ta ba kowa aron ƙasa. Tun tana ’yar tsako na raine ta a kwali a gefen gadona. In na dawo daga makaranta, ita ce farkon mai tarbata a ƙofa, ko da yake Mama ta ce ba ni take tarba ba, ragowar burodin jakata take tarba. Rumbu muke ce mata don duk abin da aka zuba, ciki yake wucewa.

To ga yadda aka fara. Bara wata cuta ta share kajin layinmu, sai bana kowa ya sake sayo sababbi, kuma kowa a tsorace yake. Kaza ta yi atishawa, maigida ya kasa cin abinci. Kawu kuma ya kwana biyu yana kallon bidiyon kaji a wayarsa. Wata rana da rana sai ga shi ya fito tsakar gida sanye da farar rigar ɗakin gwaji ta yayata, wadda ta bari da ta gama makaranta. Hannun rigar ya tsaya masa a gwiwar hannu, maɓalli ɗaya ne kawai ya yarda ya shiga. A wuyansa ya rataya abin sauraren waya, ya liƙa masa murfin kwalba a ƙarshe.

Ya yi gyaran murya ya ce, “Daga yau babu kazar da za ta sake mutuwa a layin nan ba da izinina ba.”

Mama tana shanya, ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, “Allah ya ba da sa’a, Yaya.”

Marar lafiyarsa ta farko Rumbu ce. Ta haƙa ɗan rami a gindin katanga, ta kwanta a gefe guda tana birgima, tana watsa ƙasa da fuka-fuki, ido a lumshe, irin yadda take yi kullum in rana ta yi daɗi. Kawu ya yi tsalle ya ce, “Rediyo, kawo ruwa, farfaɗiya ce.” Rediyo yake ce mini, wai ba na kashewa.

Na ce, “Kawu, wanka take yi.”

Ya ce, “Wanka da ƙasa? A wace makarantar aka koya miki?”

Ya sa ta a baho, ya wanke ta da sabulun wankan Mama mai ƙamshi, ya goge ta da tawul. Yana sakinta ta girgiza, ta dube shi da ido ɗaya, ta koma ramin nan ta ci gaba daga inda ta tsaya. Sai dai yanzu jikinta a jiƙe yake, ta tashi kamar an ɗebo ta daga kwata. Kawu ya kaɗa kai ya ce, “Cutar ta sake tashi. Mai tsanani ce.”

Kashegari ya ga baƙar kazar Mama ta tsaya da ƙafa ɗaya tana hutawa, ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ya je kama ta ya ɗaure ƙafar, ta sauke ɗayar ta zura da gudu. Sai da suka zagaye gidan, ya yi karo da igiyar shanya, ya faɗo da zanen gado a ka. Ya miƙe yana haki ya ce, “Kin gani? Ganina kawai ta yi ta warke.” Da ya ga suna haɗiyar ƙananan tsakuwa kuma, ya ce taɓin hankali ne, ya sa ni share tsakar gida har sai da tsintsiya ta ƙare.

Duk wannan somin taɓi ne. Babban abin ya zo ne ran da ya ɗauki Rumbu da yamma, bayan ta ci nata ta ci na maƙwabta. Ya ɗora mata murfin kwalba a ƙirji, sai hannunsa ya taɓa wani abu. Ya tsaya cak. Ya sake lalubawa. A gefen dama na ƙirjinta akwai wani ƙullutu, tauri-tauri, kamar an cusa mata lemon tsami.

Ya ce da ƙaramar murya, “Ƙari.”

Mama ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. Ta ce, “Yaya, abincinta ne. Jaka gare su a nan, suna tara abin da suka ci kafin ya wuce ciki. Kullum in na gyara kaza sai na cire ta.”

Kawu ya yi wata dariya ta tausayi. Ya ce, “Ke matacciyar kaza kika sani. Ni mai rai nake dubawa. Ilimin tukunya daban, ilimin asibiti daban.”

Mama ta dube shi, ta dubi rigar, ta ce, “Haka ne, Yaya,” ta koma wajen tukunyarta.

Nan take ya haɗa magani a gwangwanin madara. Man zafi, toka, da bular wanki, wai shuɗin ne yake firgita cutar. Ya shafe ƙirjin Rumbu da na sauran kajinmu, don duk da ya taɓa su ya ji ƙullutun. Gari na wayewa ya ruga akurki ko fuska bai wanke ba. Ya taɓa wannan, babu. Ya taɓa waccan, babu. Ke, da kin ga Kawu. Fita ya yi waje ba takalmi yana kiran mutane su zo su shaida.

Mai Aski ne ya fara yarda. Shi ne mai shago a bakin layi, kajinsa farare ne, yana son su kamar ’ya’yansa, har suna ya sa musu. Kawu ya ce masa, “Je ka taɓa ƙirjinsu yau da yamma, in ba ka ji komai ba ka aske mini gira.” Da yamma sai ga Mai Aski da kaji a hammata, idonsa ya yi ja. Ya ce, “Likita, duk sun kamu.”

Likita fa. Tun daga ranar Kawu ya daina amsa sallama in ba a haɗa da Likita ba.

Tela ya biyo baya, sai Mai Shago, sai tsohon nan mai gadin makarantar yara. Duk wanda ya taɓa kazarsa da yamma sai ya ji ƙullutu, a shafa bula, da safe ya ɓace. Kawu ya ce shi ba ya karɓar kuɗi, aikin taimako yake yi, amma kowace kaza a zo mata da kofin masara na duba lafiya. Ya ajiye babban bahon wankinmu kusa da teburinsa, masara tana ta hawa. Wai in ya cika zai sayar ya buɗe asibiti mai hawa biyu, kaji a ƙasa, agwagi a sama.

Kafin mako ya zagayo, duk kajin layinmu sun zama masu shuɗin ƙirji kamar ’yan ƙwallon ƙungiya ɗaya. Tela da Mai Shago har sun yi cacar baki a kan wata kaza, kowa ya ce tasa ce, ga shuɗin nan shaida.

Mutum ɗaya ce ta ƙi, Matar Makanike, ta gidan da ke kallon namu. Kawu ya tare ta a ƙofa ya ce, “Baiwar Allah, kajinki suna cikin haɗari.”

Ta ce, “Tun da ka fara kallonsu na san haka.”

“Cutar ba ta da alama sai ga masani.”

“To su ma ba su sani ba, ka bar su cikin jahilcinsu, suna yi mini ƙwai.”

“Za ki neme ni.”

“In fankata ta gaji da ba da iska, zan aiko.”

Matsalar ita ce, ƙullutun kullum sai ya dawo. Da safe babu, da yamma ga shi. Mutane suka fara gajiya da auno masara. Tela ya zo da tef ɗin awo a wuya ya ce, “Likita, ni fa in na ɗinke riga ba ta warwarewa kowace yamma. Wannan maganin na kwana ɗaya ne?”

Kawu ya ce, “Na sani. Akwai mai sake rarraba musu ita. Uwar cutar. Ita nake nema.”

Ya bi kaji yana taɓawa ɗaya bayan ɗaya, har da aron tef ɗin Tela yana aunawa. Wa kike jin ta fi kowa girman ƙullutu? Wadda ta fi kowa ci mana. Ya ɗaga Rumbu sama ya ce, “Ga ta. Ran Lahadi da yamma, lokacin da ƙarin ya cika ya batse, zan yi mata fiɗa a ƙofar gida kowa ya gani. Mai Aski, ka wasa aska.”

Ƙawata, ki ji fa. Mutumin da bai iya yanka albasa ba tare da ya haɗa da yatsa ba, shi ne zai tsaga ƙirjin Rumbu. Ga shi Mama ta tafi jinyar ƙanwarta tun ran Alhamis, Baba yana kan hanya da babbar mota, an bar gidan a hannun Kawu. Na kira Mama a wayar Matar Makanike, a kashe. Na sake kira, a kashe.

Na je na durƙusa na ce, “Kawu, don Allah ka bar mini ita. In ta mutu fa?”

Ya ce, “In ta mutu, ta mutu a hannun ƙwararre. Kaji nawa ne suka samu wannan gatan?”

Na yi kuka, bai ji ba. Na ɓoye ta a kwandon kayan wanki, ta leƙo da kanta da ta ji ana zuba wa sauran abinci. Wannan kazar cikinta ne zai kashe ta.

Cikinta. Ina faɗin haka a raina sai maganar Mama ta faɗo mini, jaka ce, abin da suka ci suke tarawa. Ni ban taɓa ganin jakar da idona ba, ban tabbata ba, amma ba ni da wata dabarar. Kuma na san Kawu, in kika ce masa ya yi kuskure, kin ƙara wa wuta mai ne. Sai na same shi ran Asabar yana goge murfin kwalbarsa, na yi murya irin ta mai neman ilimi.

Na ce, “Likita, lokacin da aka yi wa Baba fiɗa a asibiti, sun hana shi cin komai tun safe. Wai manyan likitoci ba sa taɓa marar lafiya da abinci a ciki. Su kaji ba a yi musu haka ko?”

Hannunsa ya tsaya. Ya ce, “Na sani.”

“Au, ashe ka sani.”

“Yanzu nake shirin faɗa. Ke Rediyo, bakinki yana riga tunanin manya.”

Bai tsaya a kan Rumbu ba ma. Ya bi gida-gida yana sanarwa cewa duk kazar da za a kawo babban taron gobe, kada a ba ta ko ƙwaya ɗaya tun wayewar gari, kuma kada a shafa mata magani, don a ga cutar da idonta. Haka manyan likitoci suke yi, in ji shi.

Jiya tun safe ya kife Rumbu da kwando ya ɗora dutse. Ruwa kawai nake tura mata. Tana leƙena ta ramukan kwandon kamar na ci amanarta. Na ce, “Ki yi haƙuri, yunwar yini ta fi aska.”

Da yamma ƙofar gidanmu ta cika. An fito da teburin guga an shimfiɗa masa farin zane. Bahon masara yana gefe, ya kusa cika, don Kawu ya ce a fito da shi mutane su ga yawan waɗanda suka amfana. Kowa da kajinsa a hannu, duk a yunwace, suna ta miƙa wuya. Mai Aski yana tsaye da aska a cikin tawul. Matar Makanike ta fito da kujera ta zauna a ƙofarta tana tsinke ganye, wai ita kallo ta zo.

Kawu ya fito, ya sa safar hannu ta wanke-wanke. Ya yi jawabi a kan tarihin ƙari tun daga farkon duniya. Sannan ya ce, “A kawo marar lafiya.”

Na ɗauko Rumbu na miƙa masa. Ya kwantar da ita, ya ce, “Jama’a, ku dubi wannan mugun…” Ya taɓa. Ya sake taɓawa. Ya juya ta ya duba hagu. Ya ɗaga fiffike. Har ƙarƙashin tebur ya leƙa.

Tela ya ce, “Likita, ya faɗi ne?”

Mai Aski ya lalubi tasa kazar ya ce, “Tawa ma babu.”

Mai Shago ya ce, “Nawa ma. Kuma yau ba a shafa komai ba.”

Aka fara ƙus-ƙus. Kawu ya share gumi da safar hannu ya ce, “Wannan shi ake kira nasara kafin yaƙi. Cutar ta ji labarin aska ta gudu. Ƙwayoyin cuta suna da kunne, bincike ya nuna.”

Matar Makanike ta ce daga kujerarta, “Su ma a waya suka gani?”

Ya juya zai ba ta amsa, ya ɗaga hannu biyu yana bayani. Hannu biyu fa, ƙawata. Wa ke riƙe da Rumbu? Babu. Ta miƙe, ta dubi bahon masara, ta yi wani tsalle da ban taɓa sanin tana da shi ba, ta dira a tsakiya har wuya.

Sauran kajin da suka ji ƙarar masara, shi ke nan. Ta Tela ta kwaɗe shi da fiffike a fuska ta ƙwace. Fararen Mai Aski suka fice ta ƙarƙashin hammatarsa. Tsohon mai gadi ya zo da tasa a buhu, buhun ne ya fara tafiya da kansa. Kawu yana ihu, “Ku hana su, jarin asibiti ne!” Ya yi kansu, ya taka gefen bahon, bahon ya kife, masara ta watsu har bakin titi. Ya taka masarar, ƙafafunsa suka yi gaba suka bar shi a baya. Garin faɗuwa ya kamo farin zane, gwangwanin magani ya biyo zanen ya kife masa a ƙirji. Maɓallin nan guda ɗaya ya harba, wata kaza ta bi shi da gudu.

Kaji suka rufe shi, don masara ta cika masa aljihu da cinya. Ba wanda ya iya taimakonsa, kowa ya riƙe ciki don dariya. Kafin a tattara su, sun yi wa masarar nan aiki. Aka ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, sai ga ƙirji ya cika, kowacce da ƙullutunta, na Rumbu har ya karkatar da ita gefe.

Kawu ya miƙe, ƙirjinsa shuɗi shar, idonsa ya sauka a kan Rumbu. Ya ce, “Ya dawo. Na gaya muku. Mai Aski, miƙo askar, yanzu ne lokacin.”

Na rungume ta na ja baya har na jingina da bango. Na ce, “Kawu, da ba ta ci ba, babu. Da ta ci, ga shi. A gaban kowa aka yi.”

“Ke yarinya ce. Miƙo askar.”

Mai Aski bai miƙa ba. Yana tsaye da farar kazarsa, yana murza ƙullutun a hankali da yatsu biyu, ya kai kunne kusa. Ya ce, “Likita, wannan ƙarin ƙwaya-ƙwaya ne.” Ya sake murzawa. “Wallahi masarata ce. Wadda na auno maka jiya.”

Tela ya taɓa tasa ya ce, “Wato mu ciyar da su, su ƙoshi, mu kawo maka su ka shafa musu bula don sun ƙoshi, mu biya ka da abincinsu?”

Mai Aski ya naɗe askarsa a tawul ya ce, “Akwai dai maganar askin gira da muka yi.”

Kawu ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ya gyara abin da ya rage na rigar, ya buɗe baki ya ce, “Ai dama na sa…”

Matar Makanike ta ce, “Malam, ka ƙara ‘da’ a farko.”

Tela ne ya fara ganewa, ya fashe da dariya har da zama a ƙasa. Kafin a watse, yaran layi suna ta rerawa, Kawu Da-Na-Sani, Kawu Da-Na-Sani. Kowa ya kwashi kajinsa, wasu har da tsince ragowar masararsu a hula.

Ana cikin haka sai ga Mama ta sauko daga mota da jakarta. Ta dubi masara a titi, ta dubi kaji shuɗaye, ta dubi yayanta shuɗi. Ni kuma ina ƙanƙame da Rumbu ina dariya da hawaye. Ba ta tambayi komai ba. Ta ce, “Sannu da aiki, Yaya,” ta wuce kicin.

Ashe shi ma Kawu bai ci komai ba tun safe don zumuɗi. Da aka sauke shinkafa ya zauna a tabarma ya ci, ya ƙara, ya kankare tukunya. Ya jingina da bango, singileti ta ɗage, tumbi ya fito gaba ya yi tsaye.

Mama ta zo kwashe kwanuka. Ta tsaya ta ƙura wa tumbin ido. Ta fita, ta dawo da gwangwanin nan, akwai ɗan ragowar bula a gindinsa, ta ajiye masa a gaba cikin ladabi.

Ta ce, “Yaya, ka shafa kafin ka kwanta. In bai saɓe da safe ba, Mai Aski ya riga ya wasa aska.”

Ƙawata, karo na farko tun da aka haife ni, an faɗa wa Kawu magana bai ce ya sani ba. Rumbu kuwa, da na fito yau da safe tana ramin nan nata a gindin katanga, tana farfaɗiyarta hankali kwance.